Argo mai ƙafa takwas a fadamar Wurno: abin da za ta iya ɗauka da abin da za ta ci maka

Tambaya: Wani Alhaji manomi daga Wurno ya rubuto cewa yana da gonakin shinkafa da na albasa a fadama, wasunsu a tsallaken gulbi. Daga Agusta har ƙarshen Oktoba mota ba ta isa wurin, amalanke na kafewa, kwale-kwale kuma ba ya kaiwa bakin gona. Ƙanensa da ke Kanada ya samo masa motar Argo ta hannu mai ƙafa takwas, irin wadda ke tafiya a tudu ta kuma yi iyo. Yana son sanin buhu nawa za ta ɗauka, ko za ta ƙetare Rima da kaya, da ko makanikan Sakkwato za su iya da ita.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka shi daɗe. Allah ya sa a girbe lafiya.

Bari in fara da inda na tsaya, dalili ya biyo baya. Motar nan ba za ta karɓi aikin Kanta ba, ba kuma za ta sallami mai kwale-kwale ba. Wurin cin abincinta shi ne tsakanin su biyun: shimfiɗar nan ta laka da ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu, inda direba ke kashe mota ya ce nan ne iyakarsa, mai jirgi kuma ya ce babu zurfin da zai ɗauke shi. Idan wannan tsakanin ne ke hana ka barci, abin da ƙanenka ya samo ya dace da kai. Idan kuwa so kake ta riƙa kwaso albasa buhu-buhu har kasuwar Ramin Kura a Sakkwato, bar kuɗinka a aljihu.

Argo ƙirar kamfanin Ontario Drive & Gear ce da ke garin New Hamburg a Kanada, kuma tun 1967 suke yin ta. Maharba da masu neman ma'adinai da ma'aikatan layin wuta su ne manyan masu sayenta, mutanen da ke ratsa fadamu da dusar ƙanƙara da kaya marasa yawa. Ƙasan jikinta kwami ne na roba mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa take tashi a kan ruwa. Injin fetur ne mai silinda biyu, yana juya bel, bel ya juya giya, daga giya kuma sarƙoƙi su kai ƙarfi ga kowace taya. Ba ta da sifirin ko shokazoba, iskar taya ce kaɗai ke tare maka gargada. Tayoyin ba sa karkata in za a yi kwana. Birki ne ke riƙe ɓangare guda, ɗayan ya ci gaba da juyawa, sai motar ta murɗa a kan gindinta. A tudu takan yi kilomita 30 da 'yan kai a awa, ko da yake babu bayan da zai jure wannan gudun a kan kunyoyi. A ruwa tayoyin ne filafilinta, kuma gudunta bai wuce kilomita 5 a awa ba.

Buhu nawa? A jikin kowacce akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka a tudu da kuma a ruwa. Masu ƙafa takwas na gama-gari suna faɗawa tsakanin kilo 400 da 500 a tudu, kuma wannan lissafin ya haɗa da direba da duk wanda ya hau. Duk abin da aka ƙara mata, irin su winci (injin naɗe igiya da ke jawo mota in ta kafe) da rumfar ƙarfe, daga cikin kason kayanka ake cire nauyinsa. Mu ɗauki 450. Cire direba da yaron mota, a ce kilo 130. Cire akwatin sifana da jak da jarkar mai, a ce 40. Saura 280. Wato takin zamani buhu 5, ko shanshera buhu 3, ko albasa buhu 2 irin cikar da ake yi a nan, wadda ake ɗora wa hula a ɗinke. Raƙumi lafiyayye ma yana tafiya da kusan haka a kan tudu, ba ya kuma neman fetur. A ruwa adadin yana ƙasa da wannan, sai ka rage aƙalla buhu guda. Akwai tirela mai iyo da kamfanin ke yi, mai ƙafa huɗu tana ɗaukar wajen kilo 270, ita ce hanyar ƙara kaya ba tare da an danne motar ba. Sai dai a cikin laka mai danƙo tirela nauyi ce da ake ja, domin tayoyinta ba sa tura komai. Argo mai ƙafa shida kuwa kada ma a kawo maka zancenta: wajen kilo 300 ne iyakarta a tudu, bayanta kuma kimanin kilo 65 kawai aka yarda a sa.

Da wannan lissafin za ka ga irin kayan da ke biyan kuɗin mai. Taki a ranar da shinkafa ke buƙatarsa, ba bayan mako biyu da ƙasa ta tsane ba. Injin ban-ruwa da tiyo, iri, maganin feshi, abincin 'yan ƙwadago da su kansu 'yan ƙwadagon. Majinyaci daga ruga zuwa bakin titi. Lokacin yankan shinkafa kuma, ta riƙa ɗan zirga-zirga daga cikin gona mai ruwa zuwa tudu mafi kusa, a nan amalanke ko Kanta ta karɓa. Tankinta wajen lita 30 ne, yana kai ta awa 8 ko ƙasa da haka in aikin laka ne, saboda haka gajeren zango mai yawan sawu ya fi mata riba a kan doguwar tafiya.

Wajen lodi, mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure. Injin yana gaba, don haka in babu kaya gabanta ne ke nutsewa cikin ruwa fiye da baya, in kuma aka tula buhuna a can ƙarshe sai bayan ya zauna. Kada a jera buhu ya wuce bakin kwami. Taki kuma ba ya shiri da ƙarfe, buhu guda da ya fashe ya zuba kan sarƙa ya isa ya sa ta tsatsa cikin kwanaki, sai a shimfiɗa tamfol kafin a ɗora.

Yanzu maganar ƙetare Rima. Kilomita 5 a awa tafiyar mutum ce a ƙasa. Duk ruwan da ke gudu fiye da tafiyar mutum, shi zai zaɓa maka inda za ka sauka. Ka fi ni sanin yadda gulbin ke zama a Agusta da Satumba, balle in an buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, wadda aka gina don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai an yi masa bayani ba. A irin wannan lokacin ba na ba kowa shawarar sa Argo cikin tsakiyar gulbi, da kaya ko babu. Ruwanta shi ne kwantacce: tafki, ƙorama mai sanyin gudu, gonar da ambaliya ta kwanta a kai, da gulbin kansa bayan ya ja baya wajen Nuwamba. Ana ɗaura mata ƙaramin injin jirgi a baya, wanda bai wuce ƙarfin doki 9.9 ba, yana kuma taimakawa sosai, amma ba ya ƙara tsawon bakin kwami. Tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin nan ba ta da yawa in an yi lodi, iskar hadari in ta taso a sarari kamar tafkin Kware, igiyar ruwa za ta riƙa faɗowa ciki.

Shiga ruwa ba wuya, a gangara mai sauƙi, a hankali, da ƙaramar giya. Fita ce aiki. Gaɓar Rima a wurare da yawa ruwa ya ƙwaƙule ta daga ƙasa, ta miƙe tsaye. In gaban mota ya hau irin wannan gaɓa, bayan sai ya nutse, ruwa ya kwararo ta baya, tayoyin gaba kuma suna ta kartar laka ba su kama komai ba. Don haka tun kana tudu ka san inda za ka fita, ka kuma san wuri na biyu a ƙasa da shi ko da ruwa ya jaye ka. Mashigi da mashayar shanu su ne wuraren da suka dace, tunda kofato ya riga ya kwantar da gaɓar. Ka nemi Sarkin Ruwan yankin ya haɗa ka da masunci guda ya zagaya da direbanka, ya nuna masa gurbi da inda ake kafa taru. A bayan kwami akwai matosai biyu na zubar da ruwa, kuma yawancin Argon da suka nutse, mantuwar mayar da su ce ta nutsar da su. Ka kafa doka: duk lokacin da aka cire su, a rataye su a kan sitiyari, yadda ba mai tayar da mota bai gan su ba. A sa famfon kwashe ruwa mai aiki da batir, a ajiye ƙwarya ko bokiti da filafili na hannu, kowa kuma ya sa rigar ruwa. Mutum 6 take ɗauka a tudu, a ruwa 4. Ranar kasuwa za a roƙe ka a rage wa mutane hanya, ka tuna cewa yawan lodi ne ke kifar da jiragenmu kusan kowace damina.

Laka ma tana da tata dabarar. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai fi taƙi guda ba, wajen santimita 24, kuma cikin shafaffe ne. Ba ta cika nutsewa kamar Hilux ba. Abin da ke kama ta shi ne cikin ya zauna daram a kan taɓo, laka ta tsotse shi, tayoyi takwas suna juyawa a banza. In direba ya ji haka ya ɗaga ƙafa nan take, domin ƙara wuta rami kawai yake haƙawa, bel kuma yana ƙonewa. A sauke kaya, a gwada baya, mutane su riƙa jijjiga ta hagu da dama don iska ta shiga ƙarƙashi. In ta ƙi, sai winci. Matsalar fadama ita ce babu itacen da za a ɗaura igiya, saboda haka a riƙa tafiya da shebur da guntun gungume ko tsohuwar taya, a haƙa rami a gaba, a binne shi da igiya a ɗaure, a ja. Masu shiga ruwan nan suna turi, a saya musu dogayen takalman roba, don tsargiya ba baƙuwa ba ce a ruwan kwance na yankinmu. Gaɓar fangali da kunya a tunkare su kai tsaye a hankali, tudu mai gangara kuma a hau shi a miƙe, a sauko a miƙe, kada a ratsa shi a karkace da kaya. Akwai sarƙar roba mai faɗi da ake sa wa tayoyi, tana rage kafewa ƙwarai, sai dai tana kashe gudun ruwa kusan gaba ɗaya, tana kuma ƙara wa boris wahala. Ni dai ba zan fara da ita ba.

Taya ita ce wurin da aka fi yi wa motar nan illa a ƙasar nan, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Mai faci ya saba da bugun 30 ko 40 a geji. Tayar Argo kuwa tsakanin 2 da 7 take aiki: ƙasa-ƙasa a laka da rairayi, sama kaɗan a ƙasa mai tauri. Gejin mai faci ko motsi ba ya yi a wannan awon, don haka a sayo ƙaramin geji na musamman da famfon hannu. In aka cika mata iska, gargada za ta bi ta aksul ta farfasa boris, ta kuma wahalar da mai zama. In iska ta yi kaɗan sosai, taya na iya zamewa daga wili wajen kwana. Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Tayoyi huɗun kowane ɓangare sarƙa ce ta haɗa su, dole su juya tare. In ɗaya ta fi sauran girma, a kowane juyi tana son ta yi gaba ta bar 'yan uwanta, sarƙa ce ke shan wannan jayayya, har ta miƙe ko ta tsinke. Saboda haka bayan an daidaita iska, a ɗauko tef ɗin tela a auna kewayen kowace taya, a tabbatar bambancin bai wuce santimita guda ba. Kada a sa sabuwar taya guda cikin tsofaffi uku ba tare da an auna ba. Ga kuma ƙaya: bagaruwa, aduwa, farar ƙaya, da tushiyar gero bayan girbi, duk suna huda tayar nan, domin fatarta ba ta da kauri. A ɗura ruwan faci a kowacce tun ranar farko, a ajiye kayan facin tubles a cikin mota. Zanen tayar ma yana da fuska, in aka juya shi wajen ɗaurawa sai iyo ya ragu.

Sarƙa da boris su ne abincin yau da gobe, kuma a kansu ake gane wanda zai daɗe da motar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Littafin kamfanin ya ce a sa wa sarƙoƙi mai duk bayan aikin awa 10, a ɗura wa boris na waje giris duk awa 25, a kuma ƙara yawaitawa in ana shiga ruwa da laka. A Wurno da damina, wannan na nufin kowace yamma. Ga yadda nake so yaronka ya riƙa rufe aiki: ya ɗora gaban mota a kan ɗan tudu, ya cire matosai, ya ɗaga faifan da ake taka ƙafa, ya wanke yashi da laka da suka taru a ƙasan kwami. Yashin gulbi in ya haɗu da mai, dutsen wasa wuƙa ne, haka yake cin sarƙa da haƙoran farantin da sarƙar ke hawa. Bayan ta tsane ya bi kowace sarƙa da man sarƙa, ba baƙin man da aka juye daga inji ba. Sannan ya bi kowane aksul da famfon giris, giris mai jure ruwa irin na injin jirgi, yana bugawa a hankali har tsohon mai ruwa-ruwa ya fito, sabo ya leƙo. Bugu da ƙarfi yana fasa sil, sil kuma shi ne ke hana gulbi shigowa cikin mota.

Kafin ya tashi ya leƙa bayan kowace taya. Zaren taru da na mamari da igiyar buhu da burgu suna naɗewa a kan aksul, zaren roba kuma yana yanka sil sannu a hankali ba a sani ba. A yanke shi da wuƙa kullum. Mako-mako a ɗaga motar da jak a kama kowace taya a girgiza, wadda ta yi lilo boris ɗinta ya tafi, a canza shi kafin ya ci aksul. Sarƙa tana da abin ɗaure ta mai ɗan dunƙulen roba da take gogawa a kai, shi ma yana cinyewa. Ranar da sarƙa ta miƙe har abin ɗaurewar ya kai ƙarshe, makanike zai ce a cire ƙulli guda kamar yadda ake yi wa babur. Kada ka yarda. Sarƙar da ta miƙe ba ta zama daidai a kan haƙora, za ta cinye farantin, shi kuwa ya fi ta tsada da wuyar samu. Duk awa 100 a kwance sarƙoƙin gaba ɗaya a wanke da kananzir a duba su ƙulli-ƙulli.

Motar ƙasar sanyi ce za ta zo garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, injinta kuma a rufe yake cikin kwami. In akwai zaɓi, mai lagireto ta fi mai shan iska dacewa da mu. Ko wacce ce, ragar da iska ke shiga a share ta kullum, musamman lokacin sussuka da ƙaiƙayi ke tashi. Man da za ta zo da shi na sanyi ne, a juye shi a sa wanda littafin injin ya nuna na yanayin zafi. Littafi na cewa a canza baƙin mai duk awa 100, ni a ƙurar hunturu rabin haka nake ba da shawara, soson matacin iska kuma a wanke shi kowace rana in hazo ya sauko. Fetur ɗin bakin hanya a tace shi kafin a zuba. Ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa da ke taruwa kusa da salansa, ga mai a ƙasan kwami, ga jiki na roba: kada motar ta fita babu tukunyar kashe gobara, kada kuma a bi da ita ta gonar da aka sa wa wuta. In kwami ya tsage mai walda ba shi da abin yi a kai, da zafi da sandar roba irin tasa ake like shi. A ajiye ta a inuwa, a cire matosai in za ta kwana a waje da damina, a kuma kula da ɓeraye, suna son wayoyinta.

Tuƙin ma yana cin kaya. Tunda birki ne sitiyari, direban da ke riƙe shi rabi-rabi yana kwana a hankali dafa birkin yake yi. Kwana a yi shi gutsure-gutsure: a kama sosai, a saki, a sake kamawa. Da kaya ko a laka, ƙaramar giya, in ba haka ba bel zai yi santsi ya ƙone, kuma kada giris ko mai ya taɓa bel da kulocinsa. Man birki a karanta murfin kafin a ƙara, da yawansu DOT 5 suke sha, wanda ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4 da ke cike kasuwa. Kwalta ba wurinta ba ce, tana cinye taya tana wahalar da sarƙa. Tsawonta wajen mita 3 ne, faɗi mita 1.5, tana shiga bayan Kanta, a haka za a riƙa kai ta nesa. Direba guda za ka ba ta, mai haƙuri, wanda shi ne kuma mai giris, don wanda zai kwanta ƙarƙashinta da yamma ba ya wasa da ita da rana.

Game da makanikai, hankalinka ya kwanta rabi. Injinan da ake sa mata, Kohler ko Briggs & Stratton ko Kawasaki, ba su fi ƙarfin ƙwararren mai gyaran janareto ba, balle in mai kafireto ce. Mai injekta ta fi tashi da sauƙi da tsimin mai, amma ba ta yafe gurɓataccen fetur, gyaranta kuma sai da na'ura. Sarƙoƙin masu lamba ne na gama-gari, 50 ko 60, irin na injinan masana'anta da na noma, ana iya dacewa da su a Kano ko Legas, haka ma wasu boris in an je da lambar. Abin da ba za ka samu a Buzaye ta Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba shi ne bel ɗinta, sil, faranti masu haƙora, takalmin birki, robar ɗaure sarƙa, aksul da taya. Waɗannan su taho tare da motar a kwantena guda: bel 2, taya 2 da wilinsu, aksul guda, cikakken saitin boris da sil, da littafin gyara. In ba haka ba, ƙarfen da bai cika tafin hannu ba zai zaunar da ita har damina ta wuce.

Akwai abin da littafin Kanada ba zai gaya maka ba. Baƙuwar mota mai ƙafa takwas da ke ratsa daji da ruwa abin jan ido ce a halin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki. Kafin ta fara aiki ka kai ta gaban hakimi, ka sanar da 'yan sanda da sojojin da ke yankin, takardun kwastan kuma kwafinsu ya zauna a jikinta cikin leda. An sha hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro, sai ka san matsayin dokar kafin ka tara mai a gona. Ban da tafiyar dare. Sannan kwananta yana tone ƙasa, in ta juya cikin shukar maƙwabci sai an zauna gaban mai gari. A bi burtali da gefen gona, a nemi izini inda babu hanya.

Ta fuskar kuɗi, a 'yan shekarun baya sabuwa mai ƙafa takwas tana kamawa daga wajen dala 15,000 zuwa sama da 30,000 kafin jirgi da kwastan. Akwai wata motar mai iyo da ake kira Sherp, mai manyan tayoyi da injin dizal, tana ɗaukar tan guda, amma ta haura dala 100,000, ba zancenmu ba ce. Kafin ka biya ko ta hannun ce, ka auna da abin da kuɗin zai saya a nan: ƙaramar tarakta ta hannu mai ƙafafun ƙarfe na shiga laka da tirelarta, wadda za ta yi maka huɗa ta kuma ja kaya, da jirgi mai faɗi da injinsa, da bijimai biyu. Ga mai gonaki a wuri guda, wannan haɗin ya fi Argo amfani nesa ba kusa ba. Argo tana cin kuɗinta ne ga mai gonaki warwatse irin naka, wanda asararsa ta rashin isa gona a kan lokaci ce, ko ga ƙungiyar manoma da za su yi karo-karo su riƙa haya.

In ka ƙudura saye, ka sa ƙanenka ya aiko da hoton farantin nauyi da na mitar awanni. Ya ɗaga faifan ƙasa ya ɗauki sarƙoƙi da haƙoran faranti kusa-kusa, haƙori mai lanƙwasa ko mai tsini alamar an ci amfaninsa ne. Ya ɗaga ta da jak ya girgiza tayoyin takwas ɗaya bayan ɗaya a bidiyo, ya duba ƙasan kwami ko akwai faci, ya tuƙa ta ya yi kwana hagu da dama ya ji ko ɓangare guda ya fi kamawa. Daga nan a sa ta cikin tafki ta yi minti 20 tana iyo, faifan ƙasa a ɗage, a ga ko ruwa na tsattsafowa ta bakin aksul. In mai ita ya ƙi a sa ta a ruwa, ƙanenka ya nemi wata.